Ku bar Robert Church ya huta a kabarinsa

Tun jiya raina yake a ɓace kan maganar da wancan bawan Allah ya yi a majalisa, waɗanda suke wurin sun san wanda nake nufi. Wai Robert Church, attajirin baƙar fata na birnin Memphis a Amurka, ba kowa ba ne illa mai gidajen haya da ya ci ribar annoba, taimakon da ya yi wa baƙar fata kuma duk neman suna ne. Haba malam! Mutumin da aka haifa cikin bauta a Mississippi a 1839, fararen fata suka harbe shi a ka a tarzomar Memphis ta 1866, Allah ya yi da sauran kwanansa, shi za ka share da baki ɗaya kana kurɓar shayi?

Eh, ya sayi filaye da araha. Wa ya musa? A 1878 zazzaɓin shawara ya kashe mutum sama da 5,000 a Memphis, masu hali suka kwashe iyalansu suka gudu, farashin gidaje ya zube ƙasa warwas. Shi ya zuba kuɗinsa a garin da kowa ya yanke wa ƙauna. Garin ya tsiyace har ya rasa matsayinsa na birni, kuma da aka fito da takardun lamuni don a biya bashi, Church ne ya sayi ta farko a kan dala 1,000. Garin da ke nuna masa shi ba cikakken mutum ba ne fa!

Abin da mutumin nan ya kasa ganewa shi ne, a ƙarƙashin dokokin wariya, baƙar fatar da ba shi da ƙasa ba shi da abin da zai yi kyauta da shi. Kayan aro ba ya rufe katara. Wuraren shaƙatawa na birnin an hana baƙar fata shiga. Takardar koke za ka rubuta? Wa zai karanta? A 1899 Church ya ɗauki filinsa, na kansa, a titin Beale, ya yi lambun shaƙatawa da babban zauren taro mai cin mutum 2,000. Yara suka samu inda za su yi wasa ba a kore su ba, manya suka samu inda za su taru su yi magana. Har shugaban ƙasa Theodore Roosevelt ya je can ya yi jawabi a 1902. In ba shi da filin, a sararin sama zai gina zauren?

Sai da fili, jama'a. Sai da fili. A 1906 ya kafa banki, Solvent Savings Bank, domin mai wanki da birkila da malamin makaranta baƙar fata su samu inda za a ba su rance su mallaki muhalli, tunda bankunan farar fata ba sa kallonsu. Cocin Baptis na titin Beale ya kusa faɗawa hannun masu bin bashi, shi ya shiga tsakani ya biya. Da wane kuɗi? Da kuɗin hayar nan da ake zaginsa a kai.

Na san abin da za a ce. Wai ai yana da mashaya, wai ai ubansa farar fata ne mai jiragen ruwa. Na ji, ni ma ban ce waliyyi ba ne, kuma ba na son sana'ar giya ko kaɗan. Amma wannan ba ya rushe zaure, ba ya rufe banki. Uban nasa kuma bai hana harsashi shiga kansa ba.

Wallahi abin da ya fi taɓa min zuciya shi ne yadda maƙiya suka gane darajar filin fiye da masu sukarsa na yau. Bayan rasuwarsa a 1912, ɗansa Robert ƙarami ya zama jigo a siyasa, ya saɓa da masu riƙe da birnin, sai aka fake da bashin haraji aka ƙwace kadarorin gidan, aka cire sunan Church daga lambun. A 1953 kuma 'yan kwana-kwana suka cinna wa gidan iyalin wuta da sunan atisaye. Gidan da mutum ya gina da guminsa!

Af, 'yarsa Mary Church Terrell ma na so in ambata. Kuɗin iyayenta ne ya kai ta kwalejin Oberlin a zamanin da 'yan mata baƙar fata ƙalilan ne ke samun haka. Tana da shekara sama da 80 take fita da sandarta tana zanga-zanga a ƙofar gidajen abinci na Washington da suka ƙi sayar wa baƙar fata, har Kotun Ƙoli ta ba su gaskiya a 1953. Shekara guda bayan nan ta rasu. Ku nemi hotonta na lokacin ku gani, tsohuwa tsaf da hularta, riƙe da kwali.