Mutum na zubar da jini, kai kana ɗaukar bidiyo?

Ƴan'uwana matasa, ku yi haƙuri da ni yau, maganar za ta ɗan yi zafi. Jiya da yamma mota ta buge wani saurayi a kan babur. Kafin ka ce kwabo mutane sun yi masa zobe, amma ban ga hannu ko ɗaya a kan raunin da ke ƙafarsa ba. Hannuwa duk suna sama, riƙe da waya. Wani har yana ture na kusa da shi wai ya tare masa hoto. Subhanallahi!

Wai me za ka yi da wannan bidiyon? Mutumin da babbar jijiyar jininsa ta tsinke zai iya rasa ransa cikin ƴan mintoci. Abin da yake buƙata a lokacin bai fi tsumma mai tsabta ko rigarka ba, ka ninke, ka danne wurin da ƙarfi, kada ka ɗaga don leƙawa, har a kai shi asibiti. Wannan ba ya buƙatar digiri. Amma kai ka zaɓi ka tsaya kana gyara kyamara domin jini ya fito sosai. In numfashi ya tsaya, ƙwaƙwalwa tana fara lalacewa bayan minti 4 zuwa 6. Lokacin da za ka ɓata kana rubuta "innalillahi" a ƙarƙashin hoton ya isa ka durƙusa ka danna tsakiyar ƙirjinsa sau 100 zuwa 120 a minti ɗaya, wani kuma ya kira motar asibiti. Wayar ma da ke hannunka, kiran taimako ne aikinta na farko a wurin, ba ɗauka ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan mutum miliyan 1.19 ke mutuwa duk shekara a haɗarin hanya, kuma shi ne kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29. Wato mu ke nan. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Wanda kake ɗauka yau, gobe wani ne zai tsaya a kanka da tasa wayar.

Kuma ba a kan titi kaɗai ba. Ɗalibi ya faɗi da farfaɗiya a aji, an ɗauka, an tura rukunin abokai ana dariya. Yaro ya nutse a ruwa an ciro shi, an ɗauka. Gobara ta tashi, masu waya sun fi masu bokiti yawa. Ni fa abin da ya fi ƙona mini rai shi ne uwa ta ga ɗanta kwance cikin jini a Facebook tun kafin a zo mata da labari. Wace irin zuciya ce wannan?

Bari in ɗan taɓa ɗaya ɓangaren, masu taimakon da ya fi rashinsa muni, don rashin sani ya fi dare duhu. Sai ka ga an finciko wanda ya yi haɗari, wani ya kama hannu, wani ƙafa, kai na reto. In ƙashin wuyansa ko na baya ya taɓu, wannan ɗaukar ce za ta iya shanye masa jiki har abada. Wani ya ɗura wa sumamme ruwa a baki, ruwan ya wuce huhu. Wani ya cusa wa mai farfaɗiya cokali, alhali abin yi shi ne a kawar da abin da zai ji masa ciwo, a tallafe kansa, in jijjigar ta lafa a kwantar da shi a gefe guda. Ƙuna kuwa sai a lafta mata man goge baki, bayan ruwa mai sanyi da ke gudana na minti 20 ne maganinta na farko. Waɗannan dai da niyyar alheri suka zo, a koya musu. Masu zare wa wanda ya suma waya da kuɗi daga aljihu kuwa, Allah ya isa kawai.

Na san wani zai ce tsoro yake ji kada a ɗora masa laifi in mutumin ya cika a hannunsa. To, ka ji tsoron taɓa shi, amma ba ka ji tsoron tona masa asiri a gaban duniya ba? A shekarar 1859 Henri Dunant ya tarar da dubban sojoji da suka ji rauni an yasar da su a filin yaƙin Solferino a Italiya. Ba likita ba ne, ɗan kasuwa ne. Ya tara matan garin Castiglione da ke kusa suka shiga wanke raunuka, daga nan aka kafa ƙungiyar agaji ta Red Cross a 1863. Ƙungiyar tana koyar da taimakon gaggawa har yau, mai so ya nema ya koya.

Da can, in abu ya faru dattijo ɗaya zai daka tsawa a ba mara lafiya iska, kowa ya ja baya. Mace ta faɗi, nan take a rufa mata jiki, maza su kau da kai. Labarin rasuwa manya ake aikawa su kai shi cikin hikima. Yanzu dattijon ya yi magana a ce ya cika surutu, wani lokacin ma shi kansa ka gan shi yana laluben tasa wayar a aljihu.