Waƙar Górecki ta uku ba kan sansanin Auschwitz aka yi ta ba

Da yawa daga masu sauraron sinfoni (dogon kiɗan da babbar ƙungiyar makaɗa ke yi) ta uku ta Henryk Górecki, mai tsara kiɗa ɗan ƙasar Poland, sun ɗauka makokin Yahudawan da 'yan Nazi suka hallaka a sansanin Auschwitz da ke Poland ne. Ba abin mamaki ba ne, domin sautinta mai sanyaya jiki ne, kuma an sha ɗora ta kan hotunan yaƙin duniya na biyu. Amma baitocinta ba haka suka ce ba.

Górecki ya tsara ta a 1976, kashi uku, mace ɗaya ke rerawa. Kashin farko kukan Maryamu ne kan ɗanta Yesu, daga wani rubutun ƙarni na 15. Na uku waƙar gargajiya ce ta yankin Opole na Poland, inda uwa ke neman gawar ɗanta da aka kashe a wani bore. Na biyun kaɗai ya taɓo zamanin Nazi, kuma shi ya fi tsaya mini a rai: addu'ar da wata yarinya 'yar shekara 18 ta karce a bangon kurkukun Gestapo, 'yan sandan sirri na Nazi, a garin Zakopane na Poland a 1944, tana lallashin mahaifiyarta kada ta yi kuka. Ba zagi, ba neman fansa. Rabuwar uwa da ɗa ita ce jigon waƙar baki ɗaya.

Ba kuma sabuwa ba ce lokacin da ta yi tashe. A 1977 aka fara gabatar da ita a Faransa, sai faifan 1992 da mawaƙiyar Amurka Dawn Upshaw ta rera ya sayu fiye da miliyan ɗaya.