Tace ɗalibai kafin WAEC a Legas: An bar jaki ana dukan taiki

Makonni uku da suka wuce, bayan sallar la'asar, wani dattijo maƙwabcina da ke sayar da albasa a kasuwar Mile 12 ya tare ni a ƙofar masallacin layinmu a Agege. Da wata takarda a hannunsa, ya ninke ta gida huɗu har ta fara yagewa a tsakiya. Ya ce, "Malam, don Allah duba min wannan. Yaron nan ya ce wai ba zai shiga aji shida ba." Na buɗe. Takardar sakamakon ɗansa ce ta ƙarshen aji biyar na sakandare. Ya ci lissafi, ya ci ilimin noma, ya ci darasin addinin Musulunci da maki mai kyau, ya faɗi Turanci da wasu darussa biyu da sai an yi dogon rubutu kafin a ci su. A ƙasan takardar an rubuta da jan biro cewa ya maimaita. Yaron yana tsaye can gefe, ya fi ubansa tsawo, shekararsa goma sha tara. Da na gama yi wa uban bayani, abin da ya fito daga bakinsa shi ne, "To in haka ne ai gara ya biyo ni kasuwa."

Wannan jan biron ne ya sa ni rubutu yau, domin na san tunanin da ya haife shi, kuma tunanin ya samu gindin zama a jihar nan. Masu bin labarai za su tuna abin da Kwamishinan Ilimi na matakin farko da sakandare, Jamiu Alli-Balogun, ya bayyana a watan Afrilun 2025: gwamnatin Legas ta biya sama da naira biliyan ɗaya da rabi domin yi wa ɗalibai 58,188 na makarantun gwamnati rajistar WAEC ta 2024, amma kashi 45.7 cikin ɗari kaɗai suka tsallake, 31,596 suka faɗi. Kowa ya girgiza, kuma ya kamata a girgiza. Sai dai cikin magungunan da ma'aikatar ta zo da su har da cewa daga yanzu ɗaliban da suka nuna ƙwazo ne kawai za a riƙa ciyarwa gaba zuwa ajin ƙarshe, a daina ɗaga aji gaba ɗaya. Jama'a da yawa suka tafa. Ni ban tafa ba, kuma yau da na ga abin a hannun maƙwabcina na ƙara tabbata cewa gyaran gangar Auzinawa ne.

A ɗauki alƙalami a yi lissafin da ko ɗan aji ɗaya zai iya. Misali, makaranta tana da yara 200 a aji biyar, kuma a cikinsu 90 ne za su iya samun kiredit biyar har da Turanci da lissafi. Idan duka suka zauna jarrabawa, za a ce makarantar ta ci kashi 45. Idan aka tsayar da 80 mafiya rauni aka tura 120, waɗannan yara 90 ɗin dai su ne za su ci, amma yanzu za a ce kashi 75. Shugaban makaranta ya fita kunya, babban sakataren shiyya ya samu abin faɗa a taro, jaridu su buga cewa ilimi ya farfaɗo. A cikin ajin kuwa ba yaro ko ɗaya da ya ƙara sanin yadda ake rubuta wasiƙa. Lambar ce ta yi ƙiba, yaran suna nan yadda suke, sai ma tamanin da aka share daga lissafi kamar ba a taɓa haihuwarsu ba.

Ina suke zuwa, su waɗannan tamanin ɗin? Wannan ita ce tambayar da masu tafi ba sa yi, domin 'ya'yansu ba sa ciki. Ɗan ma'aikacin banki a Ikeja idan aka ce ya maimaita, za a ɗaukar masa malamin lesin, ko a mayar da shi makarantar kuɗi, ko a biya masa ta masu zaman kansu a ƙarshen shekara. Ɗan mai albasa idan aka ce ya maimaita, an sallame shi ke nan. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta wajabta shekara tara ne kawai, daga firamare zuwa aji uku na ƙaramar sakandare, saboda haka yaron da ya ɓace daga aji biyar babu wata hukuma da za ta zo nemansa. Gobe da asuba yana Mile 12 yana sauke buhu, ko yana mayankar Oko-Oba yana ɗaukar fata, ko ya bi 'yan uwansa gwangwan. Idan yarinya ce maganar ta fi gajarta: dama akwai mai jiran ta gama, yanzu an ce ba za ta gama ba.

Kuma 'ya'yanmu ne farkon waɗanda rariyar za ta zubar. Wanda ya san Agege, Idi-Araba, Obalende ko Alaba Rago ya san dalili. Yaro ya tashi da Hausa a gida, da Yarabanci da buroka a titi, da Larabci a Islamiyya, sannan ya shiga aji a ce duk abin da ya sani sai ya faɗe shi da Turanci kafin a yarda ya sani. Da yawa ba su shiga firamare ba sai suna shekara takwas ko tara, bayan sun yi allo. Wasu an kawo su daga Arewa a tsakiyar karatu, daga makarantar da malamin Turancinta da Hausa yake koyarwa. Gidajen ɗaki ɗaya ne, babu tebur, babu wuta, uba da uwa ba su iya duba aikin gida. Ɗan maƙwabcina da na ambata yana iya lissafa kuɗin buhu arba'in da ladan dillali da kuɗin mota a kansa kafin ka ciro waya daga aljihu. Na zaunar da shi na ba shi wani sakin layi daga littafinsa na Turanci. Ya karanta kowace kalma daidai, yana bin ta da yatsa. Da na ce, "To, gaya min da Hausa me aka ce," sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Kawu, wallahi kalmomin na sani, haɗa su ne ban iya ba." Shekara goma sha ɗaya yana zama a gaban malamai, babu wanda ya gano wannan, ko kuma an gano an yi shiru. Sai da ya zo bakin ƙofar fita aka tuna da shi, aka tuna da shi a matsayin wanda zai ɓata wa makaranta lamba.

Masu cewa ɗaga yaro aji alhali bai iya ba zalunci ne, gaskiya suka faɗa, amma gaskiyar da suka ajiye shekara goma sai yanzu suka zaro ta ba ta da amfani ga kowa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ina wannan tsanani yake lokacin da yaron ke aji huɗu na firamare bai iya fahimtar labari mai layi biyar ba? Ina yake lokacin da ya zauna jarrabawar aji uku ta BECE, wadda hukumar jarrabawa ta jihar ce da kanta take shirya ta, ta duba, ta ce ya cancanci shiga babbar sakandare? Jihar ce ta sa hannu a kowane mataki. Tsanani a aji huɗu na firamare yana buƙatar ƙarin malamai da littattafai da haƙuri, kuma ba ya fitowa a jarida. Tsanani a aji biyar na sakandare kuwa jan biro kawai yake ci. Shi ya sa aka zaɓe shi.

Akwai kuma masu kukan asarar kuɗi, wai gwamnati ba za ta ci gaba da biya wa waɗanda za su faɗi ba. A raba kuɗin nan a kan yaran, kowane ɗaya ya tashi a kan kimanin naira 27,000, kuɗin da a waccan shekarar bai kai rabin buhun shinkafa ba. Jihar da ta fi kowace jiha a Najeriya tara kuɗin shiga ita ce za ta tsaya tana ciniki a kan wannan? Iyayen yaran nan suna biyan kuɗin tikiti kowace safiya a kasuwa, mai baro yana biya, mai shayi yana biya. Kuma yaron da ya zauna ya samu kiredit uku bai yi asara ba. Yana da takarda a hannu, yana iya zama NECO ko ya sake WAEC ya haɗa sakamako biyu, kamar yadda dubban mutanen da ke zaune a ofisoshi yau suka yi. Wanda aka tsayar ya fice a aji biyar ba shi da komai sai takardar aji uku. Wannan jiha ce ta tsohon gwamna Lateef Jakande, wanda daga 1979 ya soke karatun safe da yamma, ya gina azuzuwa ko'ina domin kowane yaro ya samu wurin zama. An yi wa azuzuwan nasa ba'a saboda sauƙin gininsu, amma mutanen da suka fito daga cikinsu su ne ke riƙe da Legas yanzu.

Sai ita kanta lambar da ake rantsuwa da ita. A watan Agustan 2025 WAEC ta sanar da cewa kashi 38.32 ne suka samu kiredit biyar har da Turanci da lissafi a duk ƙasar. Cikin 'yan kwanaki ta dawo ta nemi afuwa, ta ce an samu kuskure wajen duba takardu, adadin ya koma 62.96. A shekarar ce kuma muka ga hotunan yara suna rubuta jarrabawar Turanci da dare da fitilar waya. A shekarar ce shugaban JAMB na lokacin, Farfesa Ishaq Oloyede, ya zubar da hawaye a gaban 'yan jarida saboda matsalar kwamfuta da ta shafi ɗalibai kusan 380,000, fiye da rabinsu a nan Legas. Ban ce a watsar da jarrabawa ba. Amma ma'aunin da zai iya motsawa da sama da kashi ashirin cikin mako guda bai isa a ɗora masa hukuncin cewa wannan makaranta ta kirki ce, waccan ta banza ce ba, balle a kori yaro don a faranta masa.

Mun riga mun ga inda bautar lamba take kai mutane, domin makarantun kuɗi sun daɗe a wannan hanya. Bi kowane layi a Agege ko Alimosho bayan fitowar sakamako, za ka ga kyalle a rataye a bakin ƙofa: ɗari bisa ɗari. Tambayi yara nawa suka shiga aji huɗu shekara uku baya, nawa suka zauna, ka ga yadda za a canja magana. Masu rauni an lallaɓa iyayensu sun yi musu rajista a wani wuri. Daga nan taki ɗaya ne zuwa cibiyoyin nan da kowa ya san sunan da ake kiransu, inda ake rubuta amsa a allo. Idan aka gaya wa shugaban makarantar gwamnati cewa darajarsa da ƙarin girmansa suna rataye a kan kashi nawa ya ci, an nuna masa ƙofofi biyu, tacewa da satar amsa, kuma duka biyun sun fi koyarwa sauƙi. Darussan talabijin da ma'aikatar ilimi ta ƙaddamar don masu shirin jarrabawa ba za su isa gidan da ake yin kwana biyu babu wuta ba. Abu ɗaya da na yaba a cikin matakan shi ne mayar da shugabannin makarantu da mataimakansu aji su riƙe alli.

Mu ma ba za mu wanke hannu ba. Iyayenmu ne ke bin kyallen ɗari bisa ɗari da kuɗin da suka tara da gumi. Mu ne idan aka kira taron iyaye da malamai ba a ganin hula ko ɗaya a zauren, saboda lokacin ciniki ne. Muna da sarakunan Hausawa a kusan kowace unguwa, muna da ƙungiyoyin 'yan albasa da 'yan tumatir da 'yan shanu masu iya tara miliyoyi a zama ɗaya idan naɗin sarauta ya tashi ko ɗan siyasa zai kawo ziyara. Azuzuwan Islamiyyunmu suna nan a rufe bayan isha'i, ga matasanmu masu digiri da NCE suna zaune a majalisa. Malami ɗaya na Turanci mai jin Hausa, dare uku a mako, shi ne abin da ɗan maƙwabcina ya rasa tsawon shekara goma sha ɗaya.

Abin da nake nema daga ma'aikatar ilimi a Alausa ba shi da tsada. Duk lokacin da za a faɗi sakamakon wata makaranta, a faɗi yara nawa suka shiga aji huɗu, nawa suka kai ga zama jarrabawa, nawa suka ci, a yi lissafin a kan waɗanda suka shiga. Ranar da aka fara haka, tsayar da yaro zai daina zama riba ga kowa. A gwada karatun kowane yaro da fahimtarsa ranar da ya shiga aji ɗaya, a yi masa magani a can. Wanda kuma dole ya maimaita, a san sunansa, a san ko ya dawo.

Na roƙi dattijon ya ba yaron shekarar nan. Ya yi shiru, ya ce, "Malam, saboda kai zan ba shi zango ɗaya, amma ka san ni kaɗai ne a rumfa." Ranar Litinin na ga yaron a bakin titi da kayan makaranta, wandon ya ɗage masa sama da idon sawu, yana jiran motar danfo tare da yaran da ya girme su da shekara huɗu. Ranar Alhamis da na je sayen kayan miya a Mile 12 na hango shi a bayan wata babbar mota da ta iso daga Sakkwato, yana miƙo buhu. Ya gan ni, ya ɗaga hannu ya gaishe ni, ya ce mota ce ta shigo ba zato, gobe zai koma.