Ƙannena 'yan ƙwallon sakandare, ku daina ɓoye ciwo

Ƙannena masu buga wa makarantunku ƙwallo a nan Sakkwato, akwai ɗabi'ar da nake so ku bari. Yara biyu za su yi gware wajen tsallen ƙwallo, ɗaya ya zube, a fasa masa ruwan leda a ka, abokai su ce "tashi mana, kai ba namiji ba ne?" Shi kuma don kada koci ya sauya shi, sai ya miƙe yana tangaɗi ya koma fili. Wallahi wannan ganganci ne.

Bugun kai ba sai jini ya fita ba, ba kuma sai an suma ba. Ƙwaƙwalwa ce ke girgiza a cikin ƙoƙon kai. In ka ji jiri, ko kanka na sarawa, ko kana gani dishi-dishi, ko aka tambaye ka ci nawa ne ka kasa faɗa, to wasanka na ranar ya ƙare, ko da kofi ake nema. Abin tsoron shi ne bugu na biyu kafin na farko ya warke, don yana iya kumbura ƙwaƙwalwa. Wani lokaci ma sai dare ya yi abin ke bayyana. Saboda haka ka faɗa wa iyayenka da ka isa gida, kada tsoron faɗa ya sa ka yi shiru. In amai ya fara, ko barci mai nauyi da ake kasa tayar da kai, a wuce Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a daren, kada a ce sai da safe. Ba banza ba hukumar ƙwallon Amurka ta hana yara 'yan shekara 10 zuwa ƙasa buga ƙwallo da ka tun 2015.

Wanda ya faɗi yana kukan wuya ko baya, ku bar shi yadda yake, wani ya riƙe masa kai har a samu ma'aikacin lafiya. Mu kuwa sai mu sungume shi kamar buhun gero mu ɗora a kabu-kabu, alhali jijjigar hanya kaɗai na iya shanye masa ƙafafu.

Karaya kuma, a ɗauki hoton ƙashi a asibiti tukuna. Ban raina masu ɗori ba, amma ɗaurin da ya matse har yatsu suka yi sanyi ko suka soma baƙi yana kai wa ga yanke ƙafa. Asibitin ƙashi na Wamakko ba nisa gare shi ba.

Sai kuma wanda ya yanke jiki ya faɗi ba tare da wani ya buge shi ba. Kada ku tsaya fifita. Samuel Okwaraji, ɗan wasan Najeriya, haka ya faɗi a Legas a 1989, ana wasa da Angola, zuciyarsa ta tsaya. Christian Eriksen na Denmark ya faɗi a 2021, ya rayu da ikon Allah saboda nan take aka shiga danna masa ƙirji, aka kawo na'urar farfaɗo da zuciya. In ba ya amsawa kuma numfashinsa ba daidai ba, a danna tsakiyar ƙirji da ƙarfi, sau 100 zuwa 120 a minti, wani ya ruga neman mota. Ku roƙi malamin wasanninku ya kawo wanda zai koya muku wannan kafin a fara gasar bana.