Shekara Talatin Ɗin Da Aka Ce Ba Zai Kai Ba

Asabar ɗin da ta wuce abokina ya cika shekara talatin. Ba zan kama sunansa ba, 'yan majalisarmu ta Ƙofar Ƙaura sun san ko wa nake nufi. Sikila gare shi, kuma tun muna firamare nake jin manya suna raɗa cewa yaron nan da wuya ya kai ashirin. Wasu cikin masu raɗar tuni muka kai su makwancinsu, Allah Ya jiƙan su. Shi kuwa ga shi nan yana gyaran waya a shagonsa, da matarsa da 'yarsa ɗaya.

Wanda bai taɓa jinyar mai sikila ba, labari kawai yake ji. Jajayen ƙwayoyin jinin mai lafiya sukan yi kwana 120 suna aiki, nasa kuwa kwana 10 zuwa 20 sun mutu. Ga su a lanƙwashe kamar lauje, sai su maƙale a ƙananan hanyoyin jini su toshe, nan ne ciwon ke tashi. Ya taɓa ce min ji yake kamar ana dakan ƙashinsa a turmi. Hunturun Katsina da muke jin daɗinsa a teburin mai shayi, shi lokacin fargabarsa ne, rigar sanyi biyu da safa. Da damina kuma sauro, don zazzaɓin da ni zan sha magani in tafi kasuwa, shi yana iya kai shi gadon asibiti. Gorar ruwa ba ta rabuwa da hannunsa. Ƙwallo tun yana ɗan shekara sha biyu ya haƙura da ita, alhali duk cikinmu ba wanda ya kai shi son ta.

Akwai daren da ba na mantawa. Jininsa ya yi ƙasa sosai, idonsa ya koma ruwan ɗorawa, mahaifiyarsa tana gefe tana jan carbi. Ya yafito ni da hannu, na sunkuya ina tsammanin wasiyya zai bar min. Sai ya ce, "Ka rufe min shagon kuwa? Mai Tecno ɗin nan ka ce masa ya dawo Litinin." Mutumin da mu na tsaye muke shakkar ko zai ga asuba, shi lissafin Litinin yake. Rai ke nan, an cire wa fara kai tana motsi.

To 'yan'uwana matasa, a kanmu maganar take. Yanzu bazde ya zama ruwan dare, a yanka kek, a je situdiyo, a cika WhatsApp da Facebook da hoto ana rubuta "babban aminina". Halaccinsa ko haramcinsa ba fagena ba ne, malamai suna nan, a tambaye su. Abin da ke ci min rai daban ne. A wancan daren da na ba ku labarinsa mun sa cigiyar jini a guruf ɗinmu, kowa ya karanta, addu'o'i suka yi ta sauka kamar ruwan Agusta, amma mutum uku ne suka tako ƙafa. Ranar Asabar kuwa hotonsa ko'ina. Ban raina addu'a ba, wallahi, sai dai ledar jini daga hannun wani take fitowa. Abin da ake ɗiba bai kai rabin lita ba, cikin kusan lita biyar da ke jikin babban mutum, kuma namiji lafiyayye zai iya sake bayarwa bayan wata uku. Wani zaman kallon ƙwallon Ingila da muke yi ya fi wannan cin lokaci sau nawa?

Sai ku masu zama bayan kango da kwalbar kodin da ƙwayar tiramol. Gwamnati ta hana maganin tari mai kodin tun 2018, amma kun fi kowa sanin inda ake samunsa. Allah Ya ba ku jinin da wani ke kwana yana roƙo, kuna zuba masa guba da kuɗinku. Kuma ɓarnar ba a kanku ta tsaya ba. Saboda ku, mai sikila in ya zo yana murƙususu yana neman allura mai ƙarfi, akwai masu fara yi masa kallon ɗan ƙwaya. Na ga an yi wa abokina wannan kallo, ya juyar da kai bango bai ce komai ba. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce ni'imomi biyu ne mutane da yawa suke tafka asara a kansu, lafiya da samun sarari. Duka biyun kuna da su.

Masu shirin aure, a je a yi gwajin jini tun kafin soyayya ta yi nisa, tun kafin a kai kuɗin gaisuwa. In AS (mai ɗauke da sikila a jininsa amma ba ya fama da ciwon) ya auri AS, kowane ciki yana da kashi ɗaya cikin huɗu na zuwa da SS, wato mai ciwon sikila. A lura, kowane ciki da nasa lissafin, yana yiwuwa 'ya'ya uku a jere su zo da shi. Abokina sau biyu ya sa aka gwada matarsa a wurare daban-daban, sai da ya tabbatar AA ce, wato ba ta ɗauke da sikila a jininta, kafin ya tura magabatansa. Na tsokane shi a lokacin, ya ce, "Malam, abin da na sha ba zan gadar wa kowa ba."

Taron namu a zauren mahaifinsa muka yi shi bayan isha'i, balangu da zoɓo ne kawai, sai addu'a. Hajiya ta leƙo daga cikin gida ta ce, "'Ya'yan nan, Allah Ya yi muku albarka, yadda kuka riƙe min shi Allah Ya riƙe ku," muryarta ta karye ta koma ciki. Nan mu biyar muka yi alkawarin zuwa ba da jini ranar Litinin, wanda ke da niyya ya same mu a majalisa da ƙarfe tara na safe. Hira tana cikin daɗi iska ta fara kaɗawa, sai mai bazde ya ja zif ɗin rigarsa, ya ɗauki gorarsa, ya ce mu ci gaba, shi zai shiga daga ciki.