Ya kamata tallafin sufuri ya fara isa unguwannin da ke gefen bola

Duk wanda ya shigo Legas ta babbar hanyar Ibadan yana gane ya iso Ojota ko da idonsa a rufe yake, saboda warin bolar Olusosun ne ke fara tarbarsa. Fasinja zai ɗaga gilashi, ya toshe hanci, cikin 'yan mintuna ya wuce. Maganata a kan waɗanda ba sa wucewa ce: masu gidaje da shaguna a gindin wannan tsaunin shara, da na kewayen bolar Solous a Igando, da mazauna Baruwa ta wajen Ipaja, inda man fetur da ya tsiyaya daga bututu ya gurɓata rijiyoyi tun shekaru da dama. A cikinsu akwai 'yan uwanmu da yawa, 'yan jari-bola da 'yan ga-ruwa da masu gadi, waɗanda arahar haya ta kai su can.

Ra'ayina shi ne, duk kuɗin tallafin da gwamnatin jiha za ta samo ko ta ware domin sufuri, da waɗannan unguwanni ya kamata a fara. Wanda ke zaune kusa da gurɓatacciyar ƙasa ya fi kowa buƙatar fita. Idan ruwan rijiyarsa na warin fetur, dole ya saye shi daga nesa, kuma mai turo kura ɗauke da jarkoki yana ƙara kuɗi gwargwadon munin hanya. Idan hayaƙi ya tashi, kamar yadda gobarar Olusosun ta watan Maris na 2018 ta turnuƙe Ojota da kewaye tsawon kwanaki, mai ciwon asma da jariri ne ake fara nema wa mota zuwa asibiti. Ga shi kuma hanyoyinsu ne manyan motocin shara ke bi dare da rana. Da damina za ka ga motocin sun yi layi, baƙin ruwan da ke tsattsafowa daga shara ya cika ramukan da tayoyinsu suka haƙa, 'yan makaranta sun cire takalma sun riƙe a hannu suna ratsawa ta cikinsa.

Ba na musun cewa an yi aiki. Tun 2008 manyan motocin bas na BRT suka fara zirga-zirga tsakanin Mile 12 da CMS, jirgin ƙasa na Marina zuwa Mile 2 ya fara ɗaukar fasinja a 2023, na Agbado zuwa Oyingbo ya biyo baya a 2024. Sai dai dukansu manyan layuka ne, kuma wahalar mutumin bayan bola tana cikin ɗan tazarar da ke tsakanin ƙofar gidansa da tashar. A da acaɓa ce ke cike wannan gurbi, amma haramcin acaɓa na 2022 ya kai har ƙaramar hukumar Kosofe, wadda Ojota ke cikinta. Ƙananan motocin da gwamnati ta ƙaddamar a 2021 domin shiga unguwanni tunani ne mai kyau, amma babu direban da zai sa motarsa a layin da ya zama tafki.

A nan ne bambancin bashi da tallafi yake da muhimmanci. Kuɗin da aka ranto dole ne ya nemi hanyar da fasinja suka yi yawa, domin da kuɗin tikiti za a taimaka wajen biya, kuma ban ga laifin hukumar LAMATA mai kula da sufurin Legas ba idan ta yi wannan lissafi. Tallafi kuwa ba a mayar da shi, saboda haka ba shi da hujjar bin inda riba take. Wurinsa shi ne aikin da ba zai taɓa dawo da ko kwabo ba: magudanar ruwa da kwalbati kafin a zuba kwalta, hanyar ƙafa mai tudu da ruwan bola ba ya hawa, fitilun titi, da hanya ta daban ga motocin shara don kada su riƙa haɗa layi da masu zuwa kasuwa. Wannan irin aiki ba ya yin kyau a hoton ranar buɗewa, wataƙila shi ya sa ba a rububinsa.

Akwai abin da ke damuna. A Legas, da zarar an gyara hanya sai mai gida ya ƙara haya, kuma idan aka rufe bola aka share filin, masu kuɗi ne ke fara zuwa auna shi. Idan ba a rubuta sunayen mazauna wurin tun kafin a fara aiki ba, har da 'yan haya da masu kwana a rumfa, waɗanda suka shaƙi hayaƙin ba su ne za su hau motar ba. Mu ma da namu aikin. Yawancin tarukan da ake tsara irin waɗannan ayyuka ta hannun ƙungiyoyin ci gaban unguwa ake kiran su, kuma mutanenmu ba kasafai suke shiga ba. Ya kamata sarakunan Hausawa na waɗannan yankuna da shugabannin 'yan jari-bola su sa wakilansu su yi rajista, su riƙa biyan kuɗin wata, su je taron da jerin layukan da suka fi lalacewa a rubuce.