Kada kamshaf ya zama abin da za ka fara saye

Masu sha'awar farfaɗo da ƙaramin V8 na Chevrolet, yau da ku nake. Injin nan tun 1955 yake, samfurinsa na 350 mai lita 5.7 kuma ya fito a 1967 cikin Camaro, daga baya ya cika Suburban da manyan a-kori-kura na Amurka. Kayansa sun yi yawa a kasuwa, har yawan ya zama tarko. Abin da ke ci mini rai shi ne mutum ya sauke injin, tun bai wanke shi ba ya riga ya yi odar kamshaf mafi girma (kamshaf shi ne sandar nan mai tudu-tudu da ke buɗe bawul, wato ƙofofin shigar iska da fitar hayaƙi), wai don yana son wannan gurnanin da mota ke yi idan tana silo. Sauran kayan bawul kuma sai ya ce na ciki ma za su yi.

Wallahi ba za su yi ba.

Gurnanin nan da ake so, asalinsa bawul ɗin shiga da na fita ne suke daɗewa a buɗe tare. A gudun tsere yana da amfani. A cikin gari kuwa yana kashe ƙarfin tashi, yana rage zuƙar iskar da birki ya dogara da ita, sai ka taka birki ka ji shi tauri kamar dutse. In motar atomatik ce, sai ta riƙa jan jiki ko ta mutu da zarar an sa giya. Mai babbar mota da ke jan kaya, kamshaf mai tsawon buɗi wajen digiri 205 zuwa 215, in an auna daga ɗagawar inci 0.050, ya wadatar da shi. Wanda ya haura 230 ya san ya sayi ƙarin aiki, domin sai ya taɓa matsin silinda, ya taɓa giyar baya.

Ni a wurina kan injin, wato murfin saman silinda inda bawul suke, ake fara dubawa, shi ne mai faɗin iyakar abin da za a ɗora masa. Ɗauki kan injin samfurin Vortec na 1996. Yana shan iska da kyau, ga araha, shi ya sa kowa ke rububinsa. Amma yadda ya fito daga kamfani, in ɗagawar bawul ta wuce wajen inci 0.450, farantin da ke riƙe sifirin ɗin da ke rufe bawul yana iya sauka kan robar bakin bawul ya murƙushe ta. Ko dai a kai shi a rage tsayin gidan bawul ɗin, ko a sa sifirin da faranti da aka yi domin wannan matsalar. Lissafin kuma ba wuya: tudun kamshaf mai inci 0.300, da roka (ƙarfen da ke danna bawul ya buɗe) ta asali mai ninkin 1.5, ya ba ka 0.450. Ka sauya roka zuwa 1.6, ka koma 0.480 ba tare da ka taɓa kamshaf ba. Mutane da yawa suna sa rokar 1.6 don an ce tana ƙara ƙarfi, ba su san sun tsallake iyakar kan injinsu ba.

Sifirin shi ne inda na fi jin takaici, domin shi ne mafi arha a cikin kayan, kuma shi ake yi wa rowa. Tsohon sifirin da ya yi shekaru yana shan zafi ya riga ya saki. In ya yi laushi, bawul ba ya bin kamshaf idan injin ya ɗau gudu, sai ya yi ta shawagi har fistin ya same shi. In ya yi tauri fiye da kima, sai ya cinye tudun kamshaf, ko ya zaro ƙusar roka, tunda a yawancin tsofaffin kawuna matsa ta kawai aka yi, ba ɗauri ba ne. Sayi sifirin da mai kamshaf ɗin ya rubuta, ko kamfanin Comp Cams ne ko Edelbrock, ka auna tsayinsa a zaune, wanda a kan injin na asali inci 1.700 ne, ka tabbatar in bawul ya buɗe gaba ɗaya akwai ragowar inci 0.060 kafin zoben sifirin su haɗe. Awon nan aikin yini guda ne, amma shi ne aikin.

Sandar tura roka ma haka. Ta asali a tsofaffin injina wajen inci 7.800 ce, amma da zarar an goge fuskar kai ko ta bulok, ko an sauya kaurin gasket, tsayin ya canza. Shafa alƙalami a kan bawul, juya injin da hannu, dubi inda roka ta goge. Siririn layi a tsakiya ake nema. Sannan kada a haɗa roka mai saita kanta da farantin jagoran sanda, ɗaya ake zaɓa.

Sai batun tafet, wato ƙarfen da ke hawa tudun kamshaf ya tura sandar roka. In bulok ɗinka na 1987 zuwa sama ne kuma an tanadar masa wurin tafet mai taya, ban ga dalilin komawa mai shafaffen gindi ba, ko da kuɗin ya fi yawa. Man injin na yanzu an rage masa sinadarin zinki saboda na'urar tace hayaƙi, alhali zinkin nan ne ke kare shafaffen tafet daga gogayya. Kamshaf na ɗanyen ƙarfe mai taya kuwa yana son haƙorin distiribita da ya dace da shi, a tambayi mai sayarwa tun kafin a biya.

Wanda aljihunsa ya tsaya a shafaffen, ba laifi, miliyoyin injina sun yi aiki da shi. Sai dai sabon kamshaf da sabon tafet suke tafiya, ba a ɗora masa tsoho. A zuba mai mai zinki, a shirya wuta da fetur yadda injin zai tashi bugu ɗaya, a riƙe shi tsakanin juyi 2,000 da 2,500 na minti 20 zuwa 30, kada a bar shi ya yi silo ko kaɗan. In sifirin mai biyu ne, a cire na cikin sai an gama. Bayan nan a zubar da man, a yanka filta a duba ko akwai garin ƙarfe.